Daga Kano Zuwa Nikaragua: Inda Baƙo Ya Yi Salla a Sake, Mai Gida Yana Magana da Raɗa

Gyaɗa ce ta kai ni Nikaragua. Kamfanin da nake yi wa aiki a Kano yana harkar gyaɗa da riɗi, kuma an daɗe ana ba mu labarin yadda manoman yammacin wannan ƙasa ta Amurka ta Tsakiya suke noma gyaɗa da injuna, su ɓare, su tace, su ɗora ta a jirgin ruwa zuwa Turai da Meziko, don haka aka ce in je in gane wa idona a lokacin girbi. Da na je yi wa mahaifiyata sallama, ba ta tambaye ni nisan ƙasar ba, ba ta kuma tambayi ranar dawowata ba. Abu biyu kawai ta so ta ji: ko akwai masallaci a can, da ko zan sami abincin da Musulmi zai iya ci. Na ce mata, "Hajiya, in sha Allahu ba za a rasa ba," alhali kuwa fargabar da ke raina ke nan tun ranar da aka ambaci tafiyar.

Takardar izinin shiga ta ɗauki makonni, sai da abokan hulɗarmu na can suka aiko da wasiƙar gayyata, na haɗa da katin allurar rigakafin shawara. Na tashi daga Abuja ranar Talata 28 ga Nuwamba 2023, na bi ta Istanbul, na yada zango a Panama, na sauka a filin jirgin sama na Augusto Sandino da ke Managua, babban birnin ƙasar, ranar Alhamis da rana. A zauren jami'an shige da fice na tarar da samari 'yan Afirka ta Yamma masu yawa, 'yan Senegal da Muritaniya da Gini, kowa da ƙaramar jaka a baya, domin a wannan shekara ta 2023 Managua ta zama mashiga ga masu son kaiwa Amurka ta hanyar ƙasa. Jami'in da ya karɓi fasfona ya ga sunana, ya ga hular da ke kaina, amma bai ce komai game da addinina ba. Abin da ya dame shi shi ne sana'ata. Ya tambaya ko ni ɗan jarida ne, ya tambaya ko ina aiki da wata ƙungiyar agaji, sannan har sau biyu ya tambaya ko ni mai wa'azi ne. Sai da na nuna masa wasiƙar gyaɗa ya buga hatimi. A lokacin na ɗauka tambayoyin aiki ne kawai, sai daga baya na gane inda suka dosa.

An sauke ni a wani ƙaramin gidan baƙi a kan dala 25 kowane dare. Kuɗinsu kordoba ne, dala ɗaya kuma a lokacin tana ba da kordoba 36 da 'yan kai. Yawancin titunan Managua ba su da suna a bakin jama'a, da kwatance ake samun gida, kamar yadda muke yi a cikin birni: daga wuri kaza, layi biyu wajen tafki, layi ɗaya sama. Birnin yana bakin wani tafki ne, wajen tafki na nufin arewa, sama gabas, ƙasa yamma. Da na buɗe taswirar wayata don neman alƙibla sai na ga Managua da Kano kusan a kan layi ɗaya suke, dukkansu wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, shi ya sa tsawon yini bai zame mini baƙo ba duk da tazarar awa 7 da ke tsakaninmu. Alƙibla dai a can arewa maso gabas take, kuma na daɗe kafin jikina ya saba da hakan.

Mai gidan tsohuwa ce 'yar Katolika, wadda kullum da yamma take zama a kujera mai lilo tana jan carbinta. Ran farko ta ga na shimfiɗa dadduma a baranda, sai ta kashe rediyo har na idar. Washegari na tarar ta share wani lungu kusa da lambunta, ta kawar da kwanon karenta daga wurin, ta nuna mini da hannu cewa nan ya fi tsabta. Maganar abinci ce ta ɗan ba da wuya. Abincinsu na safe da dare shinkafa da jan wake ne da ake soyawa tare, suna kiransa gallo pinto, ɗan'uwan garau-garau ne sak. Sai dai alade ya shiga girkinsu ƙwarai: akwai nacatamal, ƙullin masara da ake dafawa a ganyen ayaba da nama da kitsen alade, akwai vigorón, dafaffen rogo da soyayyar fatar alade. Da na sa aka yi mata bayani, ba ta yi musu ba, ba ta kuma yi dariya ba. Ta ware kasko ɗaya ta ce nawa ne, da man girki na kwalba, kuma har na bar gidan da shi aka riƙa soya mini wake da ƙwai da kifi.

Ranar Juma'a 1 ga Disamba na hau tasi zuwa masallacin Managua, wanda aka buɗe a 2009, yana da ƙubba mai ruwan zinariya da hasumiya. Musulmin ƙasar ba su wuce dubu ɗaya da 'yan ɗaruruwa ba a cikin mutane kusan miliyan 7, wasu ma daga León da Masaya da Granada suke tahowa Juma'a. Yawancin waɗanda na gaisa da su 'yan asalin Falasɗinu ne, 'yan kasuwar yadi da tufafi. Falasɗinawa sun fara zuwa wannan yanki tun ƙarshen ƙarni na 19, da yawansu Kiristoci, kuma da yake da takardun Daular Usmaniyya suka shigo, har gobe mutanen gari "turcos" suke kiran Larabawa, wato Turkawa. Akwai 'yan Pakistan, akwai 'yan ƙasa da suka musulunta, akwai kuma wasu daga cikin samarin da na gani a filin jirgi, sun zo yin salla kafin su kama hanyar Honduras. An yi huɗuba da Larabci an fassara da Sifaniyanci. Babu ɗan sanda a ƙofa, babu mai binciken jaka, kuma maƙwabtan masallacin suna ta harkokinsu. Wani dattijo da na zauna kusa da shi ya ce mini tun da yake a ƙasar ba a taɓa zaginsa don addininsa ba, matarsa kuma tana shiga kasuwa da lulluɓinta. Ya ƙara da cewa gwamnatin Sandinista, wato jam'iyyar da ke mulkin ƙasar, tsohuwar ƙawar Falasɗinawa ce, Yasser Arafat ma ya zo Managua a 1980. Daren nan na kira Hajiya na ce mata ta kwantar da hankalinta, na sami masallaci, na sami abinci, kuma mutanen ƙasar masu mutunta addinin baƙo ne. Gaskiya na faɗa mata, sai dai a lokacin gefe ɗaya na gani.

Ɗaya gefen ya fara bayyana ne washegari, lokacin da saurayin da abokan hulɗarmu suka haɗa ni da shi, wanda shi ne direbana kuma tafintana, ya zaga da ni gari. Mun fara da tsohuwar babbar majami'a da ke kusa da tafki, wadda girgizar ƙasar 23 ga Disamba 1972 ta tsattsage, girgizar da ta hallaka mutane wajen 10,000 ta kuma shafe tsakiyar birnin. Har yanzu ginin yana tsaye, babu mai ibada a ciki. A babban titin Bolívar kuwa ma'aikatun gwamnati sun jera manyan rumfuna masu fitilu da furanni, kowace da mutum-mutumin Nana Maryam, ana shirin bikin Disamba, ga kuma alluna ɗauke da kirarin gwamnati cewa Nikaragua ƙasa ce ta Kiristanci da gurguzu da zumunci. Kundin tsarin mulkinsu na 1987 ya ce ƙasa ba ta da addinin hukuma, ya kuma ba kowa 'yancin bin abin da ya yi imani da shi, amma ban taɓa ganin gwamnatin da ke ambaton Allah a allunan titi kamar wannan ba.

Sabuwar babbar majami'ar, wadda aka gama a 1993, daga nesa na ɗauka masallaci ce, domin ƙananan ƙubbobi 63 ne a jere a kan rufinta. Tafintana ya ce ba ni ne na fara faɗin haka ba. Ya kai ni wani ɗaki mai zagaye a gefe, inda aka ajiye wata siffa ta katako da suke dangantawa da Annabi Isa, mai shekaru kusan 400, wadda ta ƙone ƙurmus ranar 31 ga Yuli 2020. Shugabannin cocin sun ce wani mutum ne ya jefa abin fashewa, 'yan sanda kuwa suka ce haɗari ne na kyandir da ruwan tsabtace hannu. Siffar tana nan baƙi ƙirin kamar gawayi, mata suna durƙushe a gabanta. Ni Musulmi ne, ba na sujada ga siffa, amma na san yadda zuciya take yi idan aka taɓa wurin ibadar mutum, domin mu ma a Kano mun ga abin da ya faru a babban masallacin Juma'a a 2014. Na tambayi tafintana wanda yake zargi. Ya waiga hagu da dama, ya ce mu je mota tukuna.

A cikin mota, gilashi a rufe, ya ba ni labarin 2018. A watan Afrilu na shekarar zanga-zanga ta ɓarke kan sauyin dokar fansho, ta rikiɗe ta zama ta neman Shugaba Daniel Ortega da matarsa Rosario Murillo su sauka, kuma hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasashen nahiyar Amurka ta ƙirga mutum 355 da suka rasa rayukansu. Limaman Katolika sun buɗe majami'u ga matasan da aka raunata, bishop-bishop kuma suka shiga tsakani don sulhu, daga baya Ortega ya ce da su aka haɗa baki don a kifar da shi. Mun wuce ta gaban cocin Divina Misericordia, inda ɗaliban jami'a suka fake a watan Yuli na shekarar aka kwana ana harbinsu, biyu suka mutu. Ya rage gudu ya nuna mini bangon da harsasai suka huda, amma ya roƙe ni kada in ɗaga waya. Haka kuma muka wuce jami'ar da limaman Jesuit, wata ƙungiya ta Katolika, suka kafa, wadda kowa ke kira UCA, wadda gwamnati ta ƙwace a watan Agusta na 2023 ta sauya mata suna.

Ranar Litinin muka nufi León, tafiyar kilomita 90 a kan kwalta mai kyau, dutsen Momotombo mai aman wuta yana hannun dama. Shinge ɗaya muka tarar, 'yan sanda suka duba lasin da fasfona suka sallame mu ba tare da neman ko sisi ba. Kwana uku na yi a gonakin gyaɗa tsakanin León da Chinandega, wannan kuwa labari ne na ofis. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne hirar da na yi da wani manomi mai jar tuta da baƙi a ƙofar gidansa, ɗan Sandinista tun yana saurayi, kuma mai zuwa coci kowace Lahadi. Ya ce shi ba ya ganin ana yaƙi da addini, ana dai hukunta limaman da suka bar bagadi suka shiga siyasa. Ya lissafa mini hanyoyi da wutar lantarki da asibitocin da aka yi tun dawowar Ortega kan mulki a 2007. Ya tuna mini cewa bayan juyin juya halin 1979 da ya fara kawo 'yan Sandinista kan mulki limamai suna cikin gwamnati, Ernesto Cardenal yana ministan al'adu, Miguel d'Escoto yana ministan harkokin waje, har Fafaroma John Paul na Biyu ya nuna wa Cardenal yatsa a filin jirgi a 1983 yana tsawata masa. Na saurare shi da kyau, domin hanyoyin da yake faɗa a kansu na bi. Abin da na kasa karɓa shi ne a ce limamin da ya goyi bayan gwamnati yana aikin Allah, wanda ya soke ta kuma ya shiga siyasa, domin idan haka ne to mai mulki ne ke yanke wa mumbari abin da zai faɗa.

A León gidan iyayen tafintana na sauka, kuma a wannan gida na ga yadda addinai suke zaune a ƙasar fiye da yadda kowace ƙididdiga za ta nuna. Uwar 'yar Katolika ce ta gaske. Shi tafintan ya bar Katolika ya koma majami'un bishara, waɗanda suke kira evangélicos, inda kowa ke kiran kowa "hermano", wato ɗan'uwa. Ya ce a can ya daina shan giya, kuma faston unguwarsu maƙwabci ne da ake iya ƙwanƙwasa wa ƙofa da tsakar dare. Wansa kuma ya ce ya yarda da Allah amma ba ya bin kowace majami'a. Duk a tebur ɗaya suke cin abinci, uwar ta yi alamar gicciye, ƙaramin ya rufe ido ya yi addu'a da ƙarfi, babban ya jira su gama. Ƙidayar 1995 ta nuna kashi 73 cikin ɗari na mutanen ƙasar Katolika ne, zuwa ƙidayar 2005 sun sauko kashi 58 da rabi, 'yan bishara sun kai kusan 22, waɗanda ba sa bin kowane addini kuma kusan 16, kuma tun daga lokacin tazarar sai ƙara raguwa take. A kowace unguwa ta talakawa akwai ƙaramin ɗaki mai kujerun roba da lasifika, ana waƙa da tafi har dare. Na yi ta tunanin yadda irin wannan sauyin sheƙa zai kasance a wasu gidajenmu, inda saɓani tsakanin ɗariƙa da Izala kaɗai ya isa ya hana wa da ƙane gaisawa.

Ranar Alhamis 7 ga Disamba ita ce daren La Gritería, wato daren kira, bikin da ya fi kowane girma a wurin Katolikan ƙasar, León kuma ita ce cibiyarsa. Da rana na biya dala 3 na hau rufin babbar majami'ar garin, wadda aka fara ginawa a 1747, aka kuma sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2011, inda kabarin mawaƙinsu Rubén Darío yake. Rufin fari fat ne, kuma sai an cire takalmi ake takawa. Da ƙarfe 6 na yamma ƙararrawa suka ɗauka, aka cika sama da wasan wuta har hayaƙi ya rufe titi, sannan gari gaba ɗaya ya fito. Kowane gida na Katolika ya buɗe ƙofa, an ƙawata wani lungu na falo da furanni da fitilu da mutum-mutumin Maryam. Jama'a suna tafiya ƙungiya-ƙungiya, yara da manya, kowa da jaka ko buhu, su tsaya a ƙofa su ɗaga murya su tambaya wa ya kawo wannan farin ciki haka, masu gida su amsa cewa ɗaukar cikin Maryam ne, domin a aƙidarsu an ɗauki cikinta ba tare da zunubi ba. Sai a rera waƙa, a raba kyauta: gutsuren rake, lemo, ayaba, alewar madara da ta kwakwa, da wani abu na soyayyen garin masara mai kama da dakuwa da suke kira gofio, wasu gidajen har shinkafa da sabulu da kwanon roba. Yawon barka da Salla na yaranmu ya faɗo mini, sai dai a nan har tsofaffi suna cikin layi, kuma mai kuɗi da talaka ƙofa ɗaya suke tsayawa.

Tafintana bai fita ba, domin a majami'arsu wannan bautar siffa ce, kuma ya faɗa wa uwarsa haka tun shekarun baya. Duk da haka shi ne ya sayo mata raken da kuɗinsa, shi ne ya yanka shi gunduwa-gunduwa a tsakar gida, sannan ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa da aka fara waƙa. Ni ma ban amsa kiran ba, na tsaya a bakin ƙofa ina kallo. Da taro ya lafa, uwar ta tambaye ni ko Musulmi sun san Maryam. Na ce mata, "Doña, sura guda ce a Alƙur'ani da sunanta, ta 19, kuma ita kaɗai ce macen da aka ambata da suna a cikin Littafin." Na gaya mata mun yarda ta haifi Annabi Isa ba tare da namiji ya taɓa ta ba, na kuma gaya mata inda muka rabu, cewa a wurinmu shi Manzo ne, ba ɗan Allah ba. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta cika mini hannu da rake da alewa, ta ce in kai wa mahaifiyata. A daren ne kuma ta gaya mini, murya ƙasa-ƙasa, cewa a Makon Ista na shekarar an hana su fita da jerin gwano kan titi kamar yadda suka gada, sai dai su zaga cikin harabar coci. Bikin daren nan an bar shi, har gwamnati na yin nata, amma jerin gwanon da limami zai ja a gaba an hana.

Wannan magana ce ta sa na roƙi a kai ni Matagalpa ranar Asabar, tafiyar kusan awa uku daga zafin León zuwa duwatsu masu sanyi inda ake noman kofi. A hanya an tsayar da mu sau biyu, a shinge na biyu kuma aka rubuta sunana da inda zan kwana. Bishop na garin, Rolando Álvarez, yana kurkuku a lokacin. A farkon Agusta na 2022 gwamnati ta rufe gidajen rediyon cocin yankinsa, 'yan sanda suka zagaye gidansa, ya fito ya durƙusa a gefen titi a gabansu yana addu'a, bayan mako biyu aka tafi da shi. Ranar 9 ga Fabrairu 2023 aka kwashe fursunonin siyasa 222 aka tura su Amurka, shi ya ƙi shiga jirgin, washegari aka yanke masa ɗaurin shekara 26 da wata 4 bisa laifin cin amanar ƙasa, aka kuma cire masa shaidar zama ɗan ƙasa. Kafin wannan, a 2022, an kori jakadan Fadar Vatican, an kuma fitar da sistoci 18 na ƙungiyar Mother Teresa, masu kula da tsofaffi da yara marasa galihu, aka kai su iyakar Kosta Rika.

Ranar Lahadi na zauna a dandalin da ke gefen farar majami'ar San Pedro. Ta cika maƙil har ƙofa, motar 'yan sanda tana ajiye a kusurwa. Wata mai sayar da kofi, wadda ta sayar mini da kofi ɗaya a kan kordoba 15, ta ce wa tafintana akwai masu shiga da kayan gida suna ɗaukar huɗuba a waya, kuma limamai suna tsoron ko da ambaton sunan bishop ɗinsu a cikin addu'a. Sai na tuna Juma'ar da na yi a sake kwana tara da suka wuce. Baƙo raɓa ne, kuma jama'ar da ba ta kai dubu biyu ba, ba ta da rediyo, ba ta da jami'a, ba ta tsorata kowa, don haka sakewarmu ba ta isa hujjar cewa akwai 'yanci ba. Waɗanda suke da yawan da za a ji maganarsu su ne aka toshe wa baki. Tafintana, wanda ke ganin Katolika a kan kuskure suke, ya fi ni damuwa. Ya ce wasu fastocinsu suna murna da samun fili, sun manta cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa ake yi.

Saura kwana kaɗan in tafi, na ce sai na ga gaɓar gabas. Ranar Talata na shiga motar safa daga Managua zuwa Bluefields, ta Juigalpa da Nueva Guinea, awa 7 a kan kordoba ɗari uku da wani abu. Kafin a gama wannan hanya a 2019, sai an je El Rama a shiga kwalekwale mai inji a bi kogin Escondido. Da na sauka sai na ji kamar na bar ƙasar. Ruwan sama ake yi, baƙaƙen fata sun yawaita, ana magana da wani irin Turanci mai kama da burokan ɗinmu, kuma a karon farko na yi ciniki ba tafinta. Sifaniyawa, da suka yi wa ƙasar mulkin mallaka, ba su taɓa riƙe wannan gaɓa sosai ba, Ingila ce ke da tasiri, kuma sai a 1894 aka haɗe ta da sauran ƙasar. Shi ya sa addinin da ya kafu a nan ba Katolika ba ne, na Moraviya ne, wata tsohuwar majami'ar Furotesta da masu wa'azinta suka sauka a Bluefields a 1849, suka kafa makarantu, suka rubuta harshen Miskito, wata ƙabila ta asalin yankin. Cocinsu mai jan rufi yana kallon ruwa, an sake gina shi bayan guguwar Joan ta rusa garin a 1988. Na tsaya a waje ranar Laraba da yamma ina jin mawaƙansu suna bita, a natse, ba ganga ba tafi. A gari ɗaya ga Angilika, ga Baftis, ga masu hutun Asabar, ga samari masu tukkun Rasta, a arewa da nan kuma akwai Garifuna, jikokin Afirka, da suka riƙe wani bikin neman waraka na kakanni mai ganguna da suke kira Walagallo.

Na ci rondón a gidan wata mata, kifi da rogo da ayaba a cikin madarar kwakwa, a kan kordoba 200, kuma shi ne abincin da na ci da cikakkiyar natsuwa tun zuwana. Mijinta, dattijo a cocin Moraviya, ya ce abin da ke faruwa a yamma ba sabo ba ne a wurinsu, domin a farkon shekarun 1980 gwamnatin Sandinista ta farko ta tashi ƙauyukan Miskito daga bakin kogin Coco, ta kuma tsare fastocinsu, kafin a yi sulhu a ba yankin dokar cin gashin kai a 1987. Da lokacin La'asar ya yi, shi da kansa ya kawo mini ruwa a buta, ya tsaya a bakin ƙofa don kada jikokinsa su gitta ta gabana.

Na dawo Managua na yi Juma'a ta ƙarshe, na yi sallama da tsohuwa mai kasko, na tashi ranar Asabar 16 ga Disamba. Kwana huɗu bayan tashina aka kama Bishop Isidoro Mora na Siuna, bayan ya ce a wata huɗuba a Matagalpa suna yi wa Álvarez addu'a. A watan ne kuma aka kama fastocin bishara 11 masu alaƙa da ƙungiyar Mountain Gateway bisa zargin halatta kuɗin haram, abin da tafintana ya ji tsoro ke nan. A tsakiyar Janairu 2024 aka sa Álvarez da Mora da limamai 15 da ɗaliban limanci 2 a jirgi zuwa Rum, a watan Agusta kuma aka soke rajistar ƙungiyoyi 1,500 a rana ɗaya, da yawansu na majami'un bishara. Raken bai iso Kano ba, amma alewar kwakwar ta iso, na ba Hajiya na ce daga wata tsohuwa ce a León mai son Nana Maryam. Ta tambaye ni ko tsohuwar tana lafiya, ko an bar su suna ibadarsu. Na ce mata suna yi, amma a cikin harabar coci, kuma ɗanta ya roƙe ni kada in riƙa tambayarsa waɗannan abubuwa ta waya.